Marka Mai Danne Yara

Duk wanda ya taɓa kai yaro allura a ƙaramin asibitin garinmu, can ƙasar Madarunfa ta wajen Gabi, ya san Marka. Shara aka ɗauke ta yi, amma ba tsintsiya ce ta yi mata suna ba. Ita ce mai danne yara. In yaro ya ga allura ya fara birgima, Majo, wato babban malamin asibitin, ba ya ɓata bakinsa, sai ya leƙo ta taga ya ce a kira Marka. Ta ajiye tsintsiya, ta kife yaro a ƙasa, ta haɗe masa hannuwa ta baya, ta ɗora masa gwiwa a gadon baya. Ko ɗan uban waye, ya gama motsi. Ni da nake tuyar ƙosai a bakin ƙofa, na sha ganin yara suna sakin fitsari daga hango ta kawai, iyayensu na dariya.

Ba daga sama ta samo wannan ƙarfi ba. Ubanta, ana ce masa Gwamna, manomi ne mai zafin hannu, igiyar jaki ce bakin da yake magana da ƴaƴansa. Haƙorinta na gaba da ya ɓalle, ƙotar fartanya ce ta cire shi, don kawai akuya ta shiga wake tana kallo. Tun tana ƴar mitsitsiya ita ke riƙe rago in za a yanka, wanzami ma aronta yake yi ta riƙe masa jarirai. Ta tashi da magana ɗaya a baki, wai ciwo ba ya jin lallashi, a danne a gama. In na ce mata Marka ki ji tsoron Allah, ɗan mutane ne, sai ta ce ita wa ya lallashe ta, ga ta kuwa ba ta mutu ba.

Tana da ɗiya, Habiba, ƴar fari. Kun dai san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban jama'a, kunya ce. Ana yaye yarinyar aka miƙa ta ga kakarta Ladi, a wani ƙauye bakin daji, can ta girma. In an kawo ta gari, Marka ba ta ko ɗaga ido. "Waccan" take ce mata. Amma ni na san ciki, don wajena take sayen ƙosai ta cusa a hannun wata ta ce a kai wa waccan, kada a ce daga ita ne. Mijinta Ɗanlami kuwa yana Najeriya cin rani, sai damina ake ganinsa.

Ranar kasuwa suka zo wannan ƙauyen, da hantsi, maza duk sun tafi. Ɓarayin daji ne a kan babura, shanu suka zo kora. Matan da suka ɓuya cikin rumbu su suka ba mu labari. Tsohuwa Ladi ta naɗe igiyar san noma a hannu ta ce sai dai a kashe ta, don da shi take ci da marayu. Suka buga mata gindin bindiga a baki, ba ta saki ba. Biyu suka danne ta, na uku ya yanka ta kamar ragon layya. Habiba, yarinyar da ba ta fi shekara tara ba, ta ruga ta kafa wa ɗaya haƙori a cinya. Ya juyo ya sare ta da adda a dantse, ya kife ta, ya ɗora mata gwiwa a baya, ya damƙi gashinta ya ɗaga kanta don ta kalli kakarta tana shure-shure. Allah ya isa, Allah ya isa!

A amalanken jaki aka kawo ta, a some. Majo ya ɗinke saran kafin ta farfaɗo, ya ce magana ɗaya ce: kullum sai an buɗe an wanke, in ba haka ba ya ruɓe, hannun kuma sai yankewa.

Da gari ya waye aka zo wanki, yarinya ta ga almakashi ta manne da bango. Majo ya leƙo taga kamar kullum. Mun zaci Marka za ta kauce saboda kunya, sai ta ce ai aiki ne, waccan ba ta fi sauran ba. Ta shiga ta kife ta, ta haɗe hannuwa, ta ɗora gwiwa. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba, man da ke kan wuta ma na manta da shi har ya ƙone. Yarinya ta ciji tabarma, ta ciji Marka, ta yi wata fizga ɗinki ya ɓalle, jini ya fantsama har bango. Washegari haka. Marka ta kwaɗa mata mari ta ce iskanci ne. Dangi suka ce a'a, iskokin daji ne suka shige ta, suka lulluɓe ta da bargo suka turara mata barkono har ta yi amai. Yarinya ta daina magana, ta daina ci, in an taɓa ƙofa sai ta shige ƙarƙashin gado. Ciwo ya fara wari, ƙuda suka samu wuri, zazzaɓi ya rufe ta. Majo ya ce in Juma'a ta yi ba a wanke ba, Maradi zai tura ta a yanke.

Ana cikin haka Dakta Halima ta iso. Likita ce mai bincike, ta yi shekaru tana bin ƙauyukan da aka kai wa hari tana zama da yaran da suka ga kisa, ta rubuta yadda firgici ke zaune musu a jiki da yadda ya kamata a taɓa su. An ce abin da ta rubuta shi ake koya wa malaman asibiti yanzu, har ƙetaren iyaka. Majo kansa ya je an koya masa, ya dawo ya ce wa ke da lokacin lallashi ga layi har waje. Ni da na gan ta, ƴar firit da tabarau, na ce wannan ko kaza ba za ta iya riƙewa ba.

Ba ta fara da yarinyar ba. Matan ƙauyen ta zauna da su, ta tambayi yadda ɓarawon ya riƙe ta, suka kwatanta. Sannan ta roƙi Marka ta nuna mata, a kan buhun gero, yadda take riƙo. Marka ta kife buhu, ta ɗora gwiwa, har da alfahari. Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki ta fita da gudu.

"Marka," in ji Dakta a hankali, "ba ciwon take gudu ba. Kullum da safe kuna mayar da ita ranar nan."

Marka ta yi ƙafa da buhun, ta ɗauki kwanon wanki ta maka da bango. Ta zage Dakta tas, ta ce ƴan boko sun iya baki, in hannu ya ruɓe takarda za ta ɗinka mata wani? Ta fito ta zauna kusa da kaskona tana huci. Na ga ta gane, kuma ganewar ce ke cin ta.

Dakta ta bar ƙofa a buɗe, ta zauna a ƙasa nesa da gado. Ta turo wa yarinyar almakashi da auduga ta taɓa da kanta. Ba ta yi mata ƙarya ba, ta ce zai yi zafi ƙwarai, amma ba wanda zai danne ta, kuma duk sanda ta ɗaga lafiyayyen hannunta za a tsaya. Wuni guda aka yi ana wannan, Majo na ta tsaki. Da la'asar Dakta ta ce ta zaɓi wanda zai zauna kusa da ita. To wa za ta zaɓa? Wadda yarinyar ta sani tana kabari, uwar kuma kunyarmu ta mayar da ita baƙuwa. Habiba ta daɗe tana kallon ƙofa, inda ake hango bayan Marka. Sai muka ji muryarta, a dishe.

"Ita. Amma ta zauna kan hannuwanta."

Mata sun cika baranda, kowa ya zuba ido ya ga ko Marka za ta bi umarnin ƴar fari a gaban jama'a. Ta miƙe, ta shiga, ta zauna a tabarma, ta tura tafukanta biyu ƙarƙashin cinyoyi.

Tsumman da aka ɗaure ciwon da shi ya manne da nama. Majo na ja, ruwan ciwo na bin gwiwar hannu, wari ya kori rabin matan. Yarinya ta ƙwalla ƙara ta ɗaga hannu, aka tsaya. Aka ci gaba, ta sake ɗagawa, aka sake tsayawa. Da aka zo wajen ruɓaɓɓen naman ta fara shure-shure, almakashi ya kusa sokarta, Majo ya waiga ya kalli Marka kamar yadda ya saba. Na ga kafaɗunta sun ɗago, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Ta cije leɓe har jini ya zubo mata a haɓa, ta koma ta zauna da dukkan nauyinta. Yarinyar na kallonta, ta gaji don kanta, ta miƙa dantsen.

Ana kiran magariba Majo ya ɗaure sabon tsumma, ya ce naman ƙasa ja ne, ba za a yanke ba. Marka ta zaro hannuwanta, sun mutu murus, ta yi ta yi su ɗagu ta rufe fuska suka ƙi. Haka ta zauna da su yashe a cinya, tana kuka da baki buɗe a gaban ƴarta ta fari, yarinyar kuma ba ta kau da kai ba.