Kawu Direba Ba Ya Zuwa Sai An Share Hanya

Kawuna direba ne a ma'aikatar harkokin waje, har kansa ya yi furfura a bayan sitiyari. Ainihin aikinsa kuwa a rumfar ajiye motoci yake, kan wani benci mai ƙafa uku da bulo.

Ga yadda abin yake. Gwamnati ba ta gayyatar shugaban wata ƙasa sai ta tabbata zai amsa, shi kuma ba ya nuna yana so sai ya tabbata za a gayyace shi. To wa zai fara? Sai minista ya yi maganar a mota, kamar da kansa yake. Kawu ya kai ta benci, ya faɗa wa direban jakada yana goge gilashi. Bayan kwana biyu amsa ta dawo ta wannan hanya. Da haka aka sha shimfiɗa jan kafet.

Matsalar ita ce Kawu ya ɗauko wannan hali ya kawo gida. Ranar jana'izar mahaifina yana filin jirgi yana jiran baƙo, bai zo ba. Tun daga nan Inna, yayarsa, ta daina yi masa magana. Da likita ya sa mata ranar aikin zuciya, na je na sami Kawu, don ina tsoron ta tafi ba su shirya ba.

"Kawu, ka zo ka gan ta."

"Ta ce in zo?"

"Ba ta ce ba."

"To ka ji mini ta bakinta. Kada ka ce ni na aiko ka."

Na zama direban jakada, ba mota. Wa zai fara gaisuwa? A falo ko a ɗaki? Za a ta da zancen jana'iza? Kullum Kawu da sabon sharaɗi. Wallahi har haushinsa nake ji, ga tsohon banza idonsa duk ya faɗa.

Ana gobe za a kwantar da ita, Inna ta ce in tsayar mata da tasi. Muka je rumfar motocin, muka sami Kawu a kan bencin. Ya miƙe, tsumman goge mota a hannu.

"Yaya, ai ba a sanar da ni ba."

"Ni ma ranar da mijina ya mutu ba a sanar da ni ba," in ji Inna. "Matsa in zauna."