Muntari da Yatsan Surukinsa

Muntari ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa motocin mutane tsakanin Madawa da Buza, yana kwasar albasa. Direba ne na kirki, amma sunansa ya ɓaci a wajen masu ba da bashi. Ya taɓa karɓar shanun huɗa a ƙungiyar manoma, farin shekarar tamanin da huɗu ya zo ya kashe su, bashin ya kwanta. Tun daga nan ko goro zai ɗauka lamuni sai an yi masa kallon sama da ƙasa.

Duk da haka ya ƙwallafa rai a kan mota tasa ta kansa, sabuwar bashe mai buɗaɗɗen baya. Ya tattara ɗan abin da ya tara ya nufi gidan sayar da motoci a Maraɗi. Akawun wurin ya ce sun san labarinsa. Sai dai ya kawo wanda zai tsaya masa, mai dukiyar da za a kama idan biya ya gagara.

Ya duba gabas da yamma, babu kowa sai surukinsa Bawa, uban matarsa Zalika, mai garkar albasa a fadamar Tama. Nan fa ake yin ta. Tun da ya auri Zalika bai taɓa haɗa ido da tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, magana kuwa iyakarta gaisuwa daga tsugune. Sai ya aiki abokinsa Tanko, dillalin albasa, mutumin da bakinsa ya fi zuma. Tanko ya dawo yana washe baki, wai tsoho ya yarda.

Sai da suka isa Maraɗi su uku, a ƙofar ofishin, Muntari ya ja Tanko gefe.

"Ka dai hwaɗa mishi zancen garka?"

"Yo mi za ya kai ni? Ce mishi na yi shaida kawai za ya yi. Kai dai ka amshi motakka."

Tsoro ya kama Muntari sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da shanun suka faɗi. Garkar nan ita ke ciyar da gidan Bawa kakaf. Idan albasa ta yi kwantai, ko mota ta faɗa kwazazzabo a hanyar Keita, shi ke nan, ya tsiyata uban matarsa ba da saninsa ba.

Akawu ya karanta takarda da Faransanci, fat-fat-fat, kamar ana korarsa. Bawa na zaune a bakin kujera, hularsa ta ji jiki, ya miƙa yatsa aka shafa masa tawada. Tanko na ta danna wa Muntari ƙafa. Ga motar can a waje, fara tas, ko ƙura ba ta taɓa ba.

Muntari ya zame daga kujera ya tsuguna.

"Baba, dakata. In na kasa biya, garkakka za su amshewa."

Kunya ta rufe Muntari har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Tsohon bai dube shi ba. Ya juya wajen Tanko, kamar dai shi ne ya yi maganar.

"Hwaɗa mishi na sani. Ɗiyata ta zo Tama ta hwaɗa min, tana kuka. Hwaɗa mishi ba ni da wata bayan ita."

Ya dangwala yatsa.

Da za su koma, Bawa ya ƙi shiga gaba, don ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin ƴarsa ba. Ya hau baya ya riƙe ƙarfe. Muntari ya kama sitiyari, idonsa rabi a hanya rabi a madubi. Kowane rami sai ya ji shi a ƙirjinsa.

Ya yi shekaru yana biya, wata shekarar da kyar da jiɓin goshi, kuma bai ƙara barci mai nauyi ba idan farashin albasa ya faɗi. Direbobin tashar Madawa suna yi masa tsiya, wai ko amalanken jaki ya fi shi sauri. Idan fasinja ya matsa masa ya taka, sai ya ce masa ya yi haƙuri, garkar mutane ce yake tuƙawa.