Ƙundun Kaza da Bencin Bakin Ƙofa

Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Waɗanda suka tambaya an ce musu taifot ce. Ba taifot ba ce. Shekara talatin na yi ina gyara kuskuren wasu a jarida, yau bari in gyara nawa.

Abin ya fara da wurin zama. A cocinmu a nan Kafanchan, dattawa a gaba suke zama. Ni kuwa na koma bencin ƙarshe, bakin ƙofa, domin kafin fasto ya gama wa'azi na fita sau uku. In na je, fitsarin sai ɗigo-ɗigo. Na ce wa mutane zafi ne ya kore ni daga gaba.

Wata Asabar fitsarin ya tsaya cak. Marata ta kumbura, ta yi tauri. Matata Rifkatu ta tari keke, muka tafi asibiti. Aka sa mini robar fitsari, aka ɗaura mini jaka a cinya.

Likita ya ce furostet ce, wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda kan kumbura da shekaru ta matse hanyar fitsari. Aka yi gwajin jini mai suna PSA, aka ɗauki hoto, aka duba da yatsa ta dubura. Wannan na ƙarshe shi maza ke gudu. Bai kai minti ɗaya ba.

Aka tura ni Jos, aka ɗebi ɗan nama a duba ko kansa ce, wato ciwon daji. Mako biyu muna jira. Na ji tsoro, har na nuna wa Rifkatu inda takardun gida suke.

Ba kansa ba ce. Aka yi aiki. Cittar da muka ajiye muna jiran farashi ya tashi, duk ta tafi a kuɗin asibiti.

Ranar sallama likita ya ce, "Baba, abinci ba ya warkar da wannan, kar wani ya ruɗe ka. Amma rage naman alade da kitse da suya. Ci kaza, kifi, wake, ganye, dafaffen tumatir. Kuma 'yan'uwanka maza su zo a duba su, abin yakan bi gida."

A wurinmu da kaza ake zuwa gaida mara lafiya. Zumuntar Mata ta coci, dangi daga Samaru Kataf, maƙwabta. Kaji tara suka taru a tsakar gida, duk domin taifot ɗin da ban yi ba.

Lahadin da na koma coci, na tarar da mutum a bencina. Yayana ne Bulus, manomi, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Sau uku ya fita. Na ƙirga.

Ba a ce wa Yaya Bulus ya je asibiti. Sai na gayyace shi abincin yamma, na ce ni zan dafa.

"Kai da ba ka san inda ludayi yake ba?" in ji Rifkatu. Da ta ga ina saɓule fatar kazar ta ce, "To mene ya rage? Wannan ai hukunci ne, ba abinci ba."

Na yanke kitsen. Na shafe naman da citta da tafarnuwa da gishiri kaɗan, na dafa shi a ruwansa da albasa. Na zuba tumatir mai yawa da man gyaɗa cokali ɗaya, daddawa a madadin magi, na bar shi a ƙaramar wuta. Alayyafo daga ƙarshe. Rifkatu ta turara acca, tana ta gunaguni.

Ƙundu na babba ne, haka muka tashi muka gani. Na sa masa a kwano, sannan na ba shi labarin duka: roba, jaka, yatsa, ban rage komai ba.

"A gaban abinci kake wannan magana?" ya ce.

"A gaban abinci ne kawai kake zama, Yaya. Na ga inda ka koma a coci."

"Iska nake sha."

"Ni ma iskar na sha wata takwas."

Ya cinye ƙundun, ya ƙara miya, ya ce kazar ba laifi, ko da yake tsirara take. Yana wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Likita ɗin nan naka, wace rana yake zama?"

Mun je ranar Talata. Tasa cutar ba ta yi nisa ba. Ƙwaya aka ba shi, ba roba, ba wuƙa.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Rifkatu, wadda ta zubar da jakar nan safe da yamma ba ta taɓa yamutsa fuska ba, da nas-nas, da duk wanda ya kawo kaza. Ku gafarta mini ƙaryar taifot.

Maza, in kun haura hamsin, ko fitsari ya fara yi muku gardama, ku je a duba. In ya tsaya gaba ɗaya, asibiti nan take, ba jiƙo ba. Mata, in maigida ya sauya benci, kar ku karɓi zancen zafi.

Ni da Yaya mun koma gaba. Saura kaji takwas, kuma na ga wanda ya gaji bencin. Ya shirya, gayyata na zuwa.