Jirgin Baban Ummi na Bayan Gida

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar maigidana, Baban Ummi. Jama'a sun san shi da aikin gyaran na'urorin ɗumama ɗaki a wani asibiti da ke gabashin Landan, wasu kuma sun san shi a sahun gaba na masallacin Regent's Park. Ni idan na tuna shi, abin da nake fara gani shi ne ƙafafuwansa biyu sun leƙo daga cikin wani tsohon jirgin ruwa a bayan gidanmu na Barking, muryarsa na fitowa daga ciki: "Hajara, miƙo mini sifana."

Mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara aka haife shi, mahaifinsa kuma da kwale-kwale ya ciyar da su. Ni kuwa Bakatsiniya ce, ruwan da na sani na rijiya ne da na randa. A tsakiyar shekarun tamanin, ba mu daɗe da tarewa a gidan ba, wata Asabar ya dawo da mota tana jan wani abu lulluɓe da tamfol. Na ɗauka kujeru ne. Da ya yaye, sai ga jirgi, fentinsa duk ya ɓare, ciyawa har ta tsiro a cikinsa.

Na ce, "Baban Ummi, a ina za mu yi shanya?"

Ya ce, "A jikinsa. Kin ga ma ya fi igiya faɗi."

Haka kuwa aka yi, shekaru ina shanya zannuwan gado a kansa.

Jirgin ba irin wanda aka saba gani ba ne, ba shi da farfela a waje. Ta ƙasa yake zuƙar ruwa ya feso shi ta baya da ƙarfi, feshin ne ke tura shi gaba. Injinsa na mota ne, amma babu lagireto. Daga ruwan da yake zuƙa ake ɗibar kaɗan a bi da shi ta tiyo zuwa cikin injin ya sanyaya shi, ya ratsa ta salansa, ya koma kogi. Wanda ya sayar masa ya riga ya cire tiyon gaba ɗaya, ya bar bakunan ƙarfe a buɗe, ba a san wanne ke haɗuwa da wanne ba. Nan aikin yake. In ruwan ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa ya koma ta salansa ya cika injin. Ya sa bawul don rage ƙarfin ruwan, ya sa 'yar rariya don tare yashi, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Akwai lungun da hannunsa ba ya shiga, sai nawa. Da haka na zama mai ɗaure bakin tiyo, ba tare da an nemi shawarata ba.

Gwaji a bayan gida ake yi da tiyon ban ruwan fulawa. Shi ke tayar da inji, ni ke tsaye a bakin famfo, kuma doka ce kada in buɗe sai injin ya kama. Ranar gwajin farko wani tiyo ya fizge, ruwa ya tsallake katanga ya sauka kan kayan shanyar maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya. Na shiga ɗaki don kunya. Shi kuwa ya zagaya ya ba ta haƙuri, ya dawo da ita tana riƙe da kofin shayi, wai ta zo ta ga abin da ya jiƙa ta. Ashe mijinta marigayi a tashar jiragen ruwa ya yi aiki. Daga ranar, duk Asabar tana kan kujera a gefe tana ba da shawarar da ba a tambaye ta ba.

Yanzu idan na ga jikokina sun ɗauko waya, cikin ɗan lokaci wani ya nuna musu yadda ake gyara abu, nakan ce da Baban Ummi ya ga wannan me zai ce? Ina jin da ya yi murna, sannan ya yi gardama da mai bidiyon. Shi sai ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tafi wani shago mai nisa don ya tambayi abu ɗaya, ya dawo da amsa da sabon aboki. Bakin kogin da muke zuwa, inda da babu komai sai laka da tsofaffin ɗakunan ajiya, yau dogayen benaye ne na gilashi. Ban san ko zai gane wurin ba. Na dai san tambayar da zai fara yi ita ce ta ina mutum zai saukar da jirginsa.

Abin ya tashi daga wasa ne shekarar da aka ce mahaifiyarsa, Inna, za ta zo a yi mata aikin yanar ido. Ta daɗe ba ta gani sai dishi-dishi, har ta daina zuwa bakin Kwara, ita da ta yi rayuwarta a can. Da farko ta ƙi zuwa, ta ce ba ta son a taɓa mata ido a ƙasar da ba ta san kowa ba. Sai ya ce mata a waya in ta yarda, da zarar idon ya buɗe shi da kansa zai tuƙa ta a kogi. Da wannan ta yarda. A lokacin kuwa jirgin bai taɓa shiga ruwa ba.

Watannin nan bai huta ba. Ya shiga da shi ruwa shi kaɗai, injin ya yi zafi, ya dawo ya sauya hanyar tiyo. Ya sake shiga, ya dawo fuska a sake. Aikin Inna ya yi kyau. Da likita ya ce za ta iya fita, muka sa mata rigar kariya a kan zanenta, muka ɗora ta. Ni ma ranar na fara shiga, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Mun yi nisa, muna hango Woolwich, sai allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa. Ya kashe inji nan take. Ruwa ya fara jan mu a hankali, ga wani babban jirgin kaya can yana tahowa. Na ga gumi a goshinsa duk da sanyin da ake yi.

Ya ce, "Hajara, taɓa tiyon da ke bayan rariya."

Na taɓa na ji ya yi laushi, babu ruwa ciki. Laka ce ta toshe rariyar, ita kuma tana can lungun da sai hannuna. Na durƙusa ina kwancewa, shi yana riƙe da murfin injin. Da na ɗago, sai na ga Inna ta jawo filafilin da ke ƙarƙashin kujera, ta gyara zama, tana karkatar da mu zuwa gefe kamar jiya ta ajiye sana'ar. Ba ta kiran sunansa, da yake shi ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, yi aikinka a nitse. Wannan ɗan ruwan ne zai ba ni tsoro?"

Na wanke rariyar a kogin, na mayar, na ɗaure. Injin ya kama, ruwa ya fito ta baya, allura ta sauka. Inna ta ajiye filafili tana kallon tsuntsaye, tana kallon gaɓa, tana share ido. Can ta ce kogin nasu ba laifi, sai dai ba ta ga masunci ko ɗaya ba. Har ta koma ga Allah tana ba da labarin nan a Yawuri, kuma a bakinta ni ce na gyara jirgin, ɗanta murfi kawai ya riƙe.

Mun yi shekaru muna fita da yara duk bazara. A ƙarshen shekarun casa'in ciwon zuciya ya kama shi. Da likita ya gama bayanin jijiyoyin da suka toshe, ya juyo ya ce mini, "Kin ji, tiyo ne. Da hannunki zai shiga da an gama." Muka yi dariya har likitan ya tsaya yana kallonmu. Bai kai bazara ta gaba ba.

Jirgin na sayar wa wani saurayi da na ga zai kula da shi. Baban Ummi bai bar gidaje ba, ba a sa sunansa a jikin komai ba. Amma ya bar 'ya'ya uku da ba sa jefar da abu don ya lalace, kuma ba sa jin kunyar a gan su da baƙin mai a hannu. Ya bar ni da sanin cewa mutum yana iya yin shekaru a kan abin da kowa ke ganin shirme ne, don ya faranta wa mutum ɗaya rai na yini ɗaya, kuma bai yi asara ba. Ban taɓa jin ya kira wannan da wani babban suna ba. In an tambaye shi, cewa yake yana ɗan taɓa gyara ne.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya musu makwanci.