Sabon Daidai na Ƙanena Sa'idu

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sa'idu, amma har yau in na ji babur ya tsaya a bakin gidanmu na Ƙofar Wambai sai na ɗaga kai. Ɗalibansa na sashen koyon shirya fim Malam suke ce masa. Ni da na goya shi ban taɓa iya kiransa haka ba. Auta nake ce masa har ya fara furfura.

Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake gina labari, kuma ya ɗauki abin da zafi. Duk shekara in lokacin aikin bidiyon waƙa ya zo, aji ba ya isarsa, sai ya kwaso yaran zuwa tsakar gidana, su shanye min kunun gyaɗa su bar ni da wankin kofuna. Su kuwa burinsu bai wuce aron mota mai ƙyalli da shadda mai maiƙo da rawa a bakin otal ba. Yakan bar su su gama zuba, sannan ya ce, "Na ji mota, na ji rawa. To ina labarin?"

Littattafan da ya karanta sun ce labari hawa uku ne, shi kuma ya saukar da su a Hausarmu ta gida. Akwai daidai, wato yadda mutum yake zaune lafiya. Akwai abin da ya zo ya ɓata daidai. Sai na ukun, inda yaran suke faɗuwa kowace shekara, domin bakinsu ya saba da cewa "komai ya koma daidai". Wannan kalma ta "koma" ita ce ba ya ƙauna. Sabon daidai yake cewa.

Ina tuna ranar da wata ɗalibarsa, Rifkatu, ta kawo tsarinta. Waƙar ta wani saurayi ce da ya tafi neman aiki nesa ya bar uwarsa, kuma a ƙarshe ya dawo, komai ya koma yadda yake. Auta ya ɗauki kofin kununa ya tuttular a ƙasa, ya miƙa mata, ya ce ta mayar masa da shi daidai. Yarinya ta je ta sake cikowa. Ya ce, "Kofi ya cika, Rifkatu, amma ba wancan kunun ba ne, ga ƙasa kuma ta jiƙe. Ki nuna min uwar bayan ta koyi kwana ita kaɗai." Ranar ya sha faɗa a wurina, don gyaɗar ba kyauta aka ba ni ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan yau. Yanzu kowane yaro a unguwar Gwallaga yana da abin ɗaukar hoto a aljihunsa wanda ya fi na makarantarsu na wancan lokacin kyau, kuma kafin ka gyara zama bidiyon ya ƙare, wani ya hau. Na san zai yi mita. Na kuma san bayan mitar zai karɓi wayar ya ce ko a ɗan wannan lokacin ana iya ɓata daidai a gyara, in dai mai yin ya san abin da yake so ya faɗa.

Bana 'yarsa Nafisa, wadda ya bari tana firamare, ta kai ajin da ake wannan aikin a sashen da ya koyar. Waƙar da aka ba rukuninsu ta kewar uba ce, ta kuma roƙe ni a ɗauka a gidana, ni ce zan fito a matsayin mai buɗe ƙofa. Na yarda, amma da wata buƙata. Na ce a ƙarshe a nemo wani mai tsayinsa, a sa masa hularsa da jakarsa da nake ajiye da su, ya shigo ko da ta baya za a nuna shi. Ba na ɓoyewa, so nake in ga Auta ya shigo ƙofar nan sau ɗaya tak, ko na wasa ne.

Nafisa ta ce, "Goggo, in na dawo da shi, Baba sifili zai ba ni."

Na ji haushi sosai. Na ce mata ilimin nasu ya yi yawa in har ba za a iya yi wa tsohuwa alfarmar minti ɗaya ba. Ba ta ja da ni ba, ta dai nemi jakar kaɗai, ta bar min hular.

Ranar ɗauka aka tsayar da ni a bayan ƙyaure, aka ce in na ji babur in buɗe, kada in damu da magana tunda waƙa za ta rufe muryoyi. Babur ya tsaya. Na buɗe. Nafisa ce rataye da jakar ubanta, kafaɗarta ɗaya ta ɗan karkata don nauyi, yadda tasa take yi.

Kayan aikinsa sun tsufa, bidiyoyin ɗalibansa yawanci sun ɓace tare da wayoyin da aka adana su a ciki. Abin da ya rage shi ne wannan taurin kan na ƙin yi wa mai kallo ƙarya, kuma na gan shi tsaye a ƙofata. Allah Ya jiƙan Auta, Ya haskaka kabarinsa.

Da aka nuna bidiyon a ajinsu, an ce malaminsu ya tambayi abin da tsohuwar nan take faɗa a ƙarshe, don an ga bakinta yana motsi. Nafisa ta ce ba ta ji ba. Ta ji sarai. Cewa na yi, "Sannu da zuwa, Malama."