Ta Lungun Baya Aka Fita da Inna

Ranar da Inna ta rasu ina Mashi, inda nake koyarwa. Da hantsi aka kira ni, aka ce ana idar da azahar za a kai ta. Inna yayar mahaifiyarmu ce, ita ta raine mu a Daura, ni da yayyena maza uku. Abu ɗaya kawai nake so: in isa in ga fuskarta, in yi mata addu'a kafin maza su ɗauke ta. Mace ba ta bin makara, in an fita da gawa shi ke nan.

Yayyen nawa duk a Katsina suke aiki, kowa da motarsa, kuma hanyarsu ta Mashi ta biyo. Na kira babban, ya ce ai ya riga ya wuce. Na tsakiya ya ce zai tsaya neman mai, in nemi ƙaramin. Ƙaramin bai ma ɗaga ba. Na ja mayafi na ruga tasha.

Motar haya sai ta cika take tashi, ranar kuwa kamar da gayya. Na zauna, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Da ƙyar muka cika, aka cusa mu kamar kayan gwanjo, wata tsohuwa ta ɗora min kwandon kajinta a cinya. Ko a jikina, in dai za a tafi.

Direban ya ga ina share hawaye, ya ce zai kai ni har ƙofar gida. Amma muna karyo kwanar unguwarmu muka tarar layin ya toshe. Motoci ne ba gaba ba baya, sai hon ke tashi, ga shi har an idar da azahar.

"Hajiya," in ji direban, "nan fa sai dai ki taka da ƙafa."

Na sauka ina kutsawa tsakanin motocin, ƙarfe na ƙona min hannu. Duk wadda na leƙa, mutum ɗaya ne a ciki, gilashi a rufe, kujeru wayam. Kuma duk 'yan jana'izarmu ne! Raina ya ɓaci ƙwarai. Can na hango motar babban yayanmu, babu kowa a gefensa sai babbar rigarsa a ninke. Na ƙwanƙwasa gilashin.

"Yaya, wannan kujerar wa aka ajiye wa?"

"Ke, yanzu lokacin wannan maganar ne? Je ki ce wa na gaban nan ya matsa!"

Na gaban nan ƙaninsa ne. Ban tsaya ba, na cire takalma na riƙe a hannu, na kama gudu.

Ina shiga soro wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tare ni, ta riƙe min kafaɗa.

"Sai haƙuri, 'yar nan. An jira ku, an jira. Motoci sun cushe ƙofa, makara ba ta da wurin wucewa. Maƙwabta ne suka ɗauke ta a kafaɗa, suka fita da ita ta lungun baya."

Da ta gaba aka bi, da ko makarar na gani. Na shiga ɗakinta, babu komai sai tabarma da ƙamshin turare. Na durƙusa a wurin na fashe da kuka. A waje kuwa, 'ya'yan da ta goya a bayanta suna nan suna danna wa juna hon.