Ranar da Yaya Ta Zo Sayen Gida a Gure

Yayata ta yi aure a Damagaram tun ina ƙarama, can ta zauna tana sayar da man gyaɗa har Allah ya buɗa mata. Wata shekara bayan kaka sai ga ta a Gure tare da ayarin masu kanwa. Ko furar da na dama mata ba ta shanye ba ta ce, "Tashi ki ɗauki mayafinki. Gida na zo saye, in zuba 'yan haya, ke ki riƙa duba mini."

Na ce, "Yaya, ke kina can, gida yana nan?"

Ta ce, "To ba ga ki ba?"

Muka fita muna dariya kamar 'yan mata ranar salla, alhali kowacce da 'ya'yanta.

Wajen bariki muka fara. Gidajen can an yaɓe su sumul, tafinta da kukun kumandan, Baturen mulkin garin, duk nan suke zama. Ni har na ƙyasa. Yaya ta taɓe baki, ta ce waɗannan yau suna nan, gobe an tura su wani gari, wa za ta bi kuɗin haya? Tana cikin magana aka busa begila a bayanmu. Muka zabura muka zuba da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya cikin rairayi, sai da na koma na ɗauko.

Daga nan muka gangara kwari, kusa da lambuna. Bukkoki ne cikin dangar zana, ga inuwar dabino, ga sanyi. Mai wurin tsoho ne, Barbarci kawai yake ji, ita kuwa Yaya nata ya gudu a Damagaram, don haka ni nake juya musu magana. Ta ce in tambaye shi ina rabin dangarsa ta gabas. Ya nuna tudun rairayi ya ce tana ƙarƙashi, lafiya lau take. Muka yi masa sallama da kyar, dariya na cinmu.

Na ƙarshe soro ne a bakin kasuwa, mai babban zaure da fili a baya. Bangon ya tsattsage, warin awaki ko'ina. Yaya ta ce ba za ta yarda da azara ba sai ta taka ta. Ta ɗaure zane ta hau tsani, ni ina cikin ɗaki ina kallon sama. Sai na ji ƙasa na zubo mini a ka, sai ga ƙafa ta ɓullo ta rufi, da lallenta ja wur, tana lilo.

Na yi ihu, "Yaya! Kin karye?"

Daga sama ta amsa, "Wannan zan saya! Ki zo ki gani, ga rijiya, ga inda raƙuma ke durƙusawa, duk baƙon da ya shigo garin nan ta ƙofar nan zai bi!"

Ni da mai gidan muka jawo ta. Kunya ta kama shi, ya ce shi zai sake azarar da kansa kafin damina. Aka kira shaidu, aka shafa fatiha kafin la'asar.

Masu gishirin Manga ne suka fara sauka a gidan. Duk ranar kasuwa nakan je in duba, in tarar sun shimfiɗa mini tabarma a zaure, suna ce mini uwar gida. Ban taɓa gyara musu ba.